Baba Yana Hura Bakin Bindiga

Assalamu alaikum Sakatare, da dukkan 'yan uwa na wannan ƙungiya tamu ta zumunta, maza da mata, na kusa da na nesa. Sakatare, don girman Allah in za ka gurza wasiƙar nan a takardar wata ka cire sunana da sunan garinmu, akwai masu karɓar takardar a Gummi da Anka waɗanda daga jin suna za su gane gidan. Na saba aiko muku da gaisuwa da 'yan baitocin bege, to yau ba su na kawo ba. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni da wuri, domin ƙarshen watan nan magana za ta fita daga hannuna. Mai amsa ya aiko ta hannun Sakatare, ya san yadda zai same ni.

Ni matar aure ce, da 'yata guda tana rarrafe. Auren soyayya muka yi da maigidana, irin wanda da a ce wani ya rubuta shi a littafi da an ce ya ƙara gishiri. Shi malamin dabbobi ne, yana bin rugage a kan babur yana yi wa shanu allura, daga nan har Zugu, har Bukkuyum, wani zubin har dajin Anka, sai ya yi kwanaki bai dawo ba. In zai dawo ba ya zuwa hannu Rabbana, ko man shanu a ɗan kwano, ko ɗan littafin soyayya sabon fitowa daga Kano da ya saya wurin mai tebur a tasha. Shi ya saba mini da su. Yakan ce in ba ya nan in karanta, duk inda na ga saurayi ya yi magana mai daɗi in ɗauka shi ne ya faɗa. Ni kuwa haka nake yi, har yau in wata ya haska tsakar gida nakan ce da watan a zuciyata, kai da kake ganinsa a rugar da ya sauka, ka gaishe mini da shi.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a gari ta wajen fadama. Daga bayan darninmu babu kowa sai shinkafa da giginyu har bakin gulbi. Mu biyar ne, ni da shi da yarinya, sai mahaifinsa da muke kira Baba, da mahaifiyarsa Inna. Wato in ya hau babur ya tafi, namijin da ya rage a gidan shi ne Baba.

Baba tsohon maharbi ne, ba irin masu bin zomo ba. Duk yankin nan wanda ya kai shekarun Inna ya san kirarinsa. Bindigarsa adaka tana nan rataye a zaure da layunta, amma bakinta ya tsage, kuma ko da lafiyarta ƙalau ba ya iya ɗura mata albarushi da sauri yanzu, domin hannunsa na hagu ya ƙi. Mugun dawa ne ya taɓa kayar da shi a kan kafaɗar tun yana matashi, da tsufa ya zo sai ciwon ya dawo, hannun ya sandare, yatsun ba sa dunƙulewa. Yana iya ɗora abu a kansa, amma ba ya iya ja da shi. Ba a zancen hannun nan a gidanmu. Ko buta za a miƙa masa ta dama ake zagayowa kamar ba da gangan ba.

Bana da damina ɓarayi suka fara addabar gefenmu. Da can ɓarawon akuya muka sani, wanda in aka yi masa kuwwa sai ya yar ya ruga. Waɗannan ba sa gudu. Ranar kasuwa da rana tsaka, maza duk sun tafi, suka shiga gidan maƙwabcinmu suka kwance shanun huɗarsa, ya fito zai yi magana suka sare shi a ka, har yau bai san 'ya'yansa ba in sun shigo gaishe shi. Bayan haka wani Bafillace aminin maigidana ya ja shi gefe a ruga ya ce masa ya ji wasu baƙin fuska suna tambayar wane gida ne na mai allurar shanu, kuma waɗanne ranaku ne ba ya kwana a gari. Maigidana ya dawo ranar bai iya cin tuwo ba. Ya riƙe hannuna ya ce, “Ni ban da wata dukiya da ta wuce ke da yarinyar nan. In bindiga ce za ta sa in iya juya muku baya in tafi aiki, to zan saye ta.”

Ya fara neman lasin a ofishin 'yan sanda, aka haɗa shi da wani tsohon soja da ake ce wa Saje, wanda ke aiki da masu shagon bindigogin farauta a Sakkwato. Saje ya zo gidanmu da guda biyu a naɗe cikin bargo don a gwada a zaɓa. Ɗaya suna ce mata famfo. Akwai wani katako a ƙarƙashin bakinta, in ka harba sai ka ja shi baya da hannun hagu ka tura gaba, sannan kwanson ya fita sabon harsashi ya hau. In ba ka ja ba, ba ta sake tashi. Ɗayar suna ce mata otomatik. Ita ba ta jiran kowa, kana harbawa take tofar da kwanson ta ɗura kanta, ko ƙiftawa ba ka yi ba ta riga ta shirya.

Da yamma, Saje na zaure suna hira da Baba, maigidana ya shigo da su ɗakina babu harsashi ya nuna mini yadda kowace take, shi ya sa na san duk wannan. Cikin wasa ya miƙo mini famfon ya ce in ja mu gani. Na ja, na tura, ta yi wata ƙara, ƙaras-ƙaras, har yarinya ta firgita. Wallahi bai kai mini nauyin taɓarya ba, wadda ta saba surfen shinkafa mene ne wannan. Ya yi dariya ya ce, “Iye, ashe da soja nake kwana! Ajiye, ajiye, kada Baba ya ji.”

Washegari da hantsi suka fita bayan gida gwaji, shi da Baba da Saje. Suka kife wata tsohuwar ƙwarya a kan kututturen giginya. Ni da Inna muna ciki, Inna na bakin murhu, ni kuwa na laɓe ina leƙe ta wata ɓula a jikin darni. Famfon aka fara ba Baba. Ya ɗora ta a kan hannun hagu ya harba, ya kuskure kaɗan. Da ya zo ja sai katakon ya tsaya a rabi. Ya sake ja, jijiyar wuyansa ta tashi, ta ƙi. Saje ya karɓe ta daga hannunsa kamar yadda ake karɓe wuƙa a hannun yaro, ya ja ya tura sau ɗaya ta saki. Baba ya tsaya yana kallon fadama. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye ba sai ranar.

Sai Saje ya ɗauko otomatik. Kafin ya miƙa, na ji da kunnena ya ce, “Baba, wannan fa ba adaka ba ce. In ta tashi kada ka ce ta ƙare, da wani a cikinta.” Baba ya ce, “Yaro, na jiya. Tun uwarka ba ta yi wayo ba nike harbi.” Ya saita, ya harba, ƙwaryar nan ta tashi sama ta watse. Inna da ke bakin murhu ba ta ma gani ba, daga jin Saje ya yi kabbara ta rangaɗa guɗa. Maigidana da Saje suka nufi kututturen suna dariya za su duba, suka ba Baba baya.

A nan ne na ga abin da ya hana ni sukuni. Baba ya sauke bindigar, ya buga gindinta a ƙasa, ya jingina ta a jikin hannun nan nasa mara lafiya, ya sunkuya, ya kafa bakinsa a bakin bindigar ya hura. Fuu, fuu. Igiyar layun da ke damtsensa tana lilo daidai wajen kunamar, inda ake dannawa ta tashi. Na buɗe baki zan yi ihu, sai na ji tsoron in na yi ihun ya firgita ya motsa. Ya ɗago, ya share leɓe da bayan hannu, fuskarsa cike da haske kamar ango. Da su Saje suka dawo, Saje ya karɓa ya ja wani ɗan ƙarfe a gefenta, sai ga jan harsashi sabo fil ya faɗo ƙasa. Shi ne wanda ke kallon maƙogwaron Baba lokacin da yake hurawa. Su ba su san kome ba, Saje ya tsince shi ya sa aljihu suna ta hira. Ni na zame a gindin darni na zauna.

Ga waɗanda ba su tashi gidan maharba ba, haka ake yi wa adaka. In ta tashi ta zama fanko, sai maharbi ya dasa ta a ƙasa ya hura bakinta don ya kashe sauran wutar da ta maƙale kafin ya zuba sabon albarushi. Abin da Baba ya yi ke nan tun kafin a haifi maigidana. Ba mantuwa ya yi da maganar Saje ba, ya ji ta sarai, bakinsa ne ya riga tunaninsa.

Saje ya koma da bindigoginsa, aka tsayar da magana a kan otomatik, ƙarshen watan nan maigidana zai tafi Sakkwato a rubuta ta a lasin ya taho da ita. Kuma an ce abin da aka rubuta a lasin shi ke nan, ba a canzawa kamar zane.

Tun ranar Baba ya zama wani mutum. Shi da sai an yi da gaske yake fita masallaci, yanzu da asuba yana zagaya bayan darni yana duba sawu. Ya sa an wanke masa tsohuwar rigarsa ta farauta. Abincin da yake maido rabi yanzu yana suɗe kwano. Rannan har na ji shi yana yi wa kansa kirari ƙasa-ƙasa a zaure, yana ɗora yarinya a gwiwa yana ce mata matarsa, wai ba mai taɓa ta yana raye. Maigidana in ya kalle shi sai idonsa ya ciko, ya ce mini, “Kin ga Baba? Ashe ba tsufa ke damunsa ba, rashin amfani ne.”

To ni ina zan kai abin da na gani? Kun san tsakanin suruka da uban miji. Ko sunansa ba na faɗa, ko mai irin sunansa sai dai in sakaya. In zan ajiye masa abinci a durƙushe nake, kaina ƙasa. Shi ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba, in yana son wani abu daga gare ni sai ya ɗaga murya ya faɗa wa Inna ina ji. Ta yaya mai wannan matsayi za ta ce ta leƙa ta darni ta ga kuskuren Baba a kan bindiga, a kan abin da duk garin nan ya san shi da shi?

Na fara da Inna, ranar muna sheƙe shinkafa mu biyu. Na kewaya na kewaya sannan na faɗa mata. Ta tsayar da faifai ta dube ni, na ɗauka za ta ce ƙarya nake. Sai ta ce, “Wo ni, mi kika son in ce? Mutumen ga ko taɓarya kika ba shi, in ta yi ƙara sai ya hura ta.” Na ce to Inna ki yi masa magana mana. Ta ce ta yi masa magana a kan goro, ta yi a kan taba, wanne ya bari? Ta ce kuma hurawar nan ba don wuta kaɗai ba ce, akwai abin da yake karantawa a ciki wanda ubansa ya ba shi, a wurinsa bindigar da ta tashi ba a tofa mata ba bindigar wani ce. Sannan ta ce abin da ya fi tsaya mini a rai. Ta ce, “Ɗiyata, ba ke kika ce kin ga yadda ya koma sa'ad da waccan ta ƙi jawuwa ba? In kika sa ɗansa ya amshe wagga, to ke kika gina mai kabari, sai dai ba jini. Kama bakinki. Allah Shi ka tsarewa.” Ta ci gaba da sheƙe. Amma na lura ranar har magariba tana ta yi wa kaji faɗa ba su yi kome ba.

Sai na gwada maigidana, amma ban iya faɗa masa gaskiyar ba. Na ce masa ni dai famfon ta fi kwanta mini, na ce ko ƙarar janta kaɗai ta isa ta kori ɓarawo, na ce Saje ma ya ce ba ta cika sarƙewa ba in ƙasa ta shiga. Ya ce duk ya ji, amma wa zai ja ta? Na ce ai ni na ja. Nan fa ransa ya ɓaci irin yadda ban taɓa gani ba. Ya ce littattafan da yake sayo mini ne suka hau mini kai, ina son in zama jarumar labari. Ya ce in tuna a gidan wa nake, a ce gidan maharbi, maharbin na zaune da ransa, suruka ce ke riƙe da bindiga, da wane ido Baba zai fita masallaci? Na ce to in an sayo otomatik ɗin a riƙa sa mata harsashi ɗaya tak. Ya ce to mene ne bambancinta da adaka, su ɓarayin ɗaya-ɗaya suke zuwa? Kuma Baba ne zai ɗura abarsa da hannunsa, wa zai tsaya a kansa yana ƙirga masa? Na ce Baba ya saba da adaka fa, sabo kuma turken wawa ne. Kalmar nan ta wawa ita ta ɓata kome, ni karin magana na yi, shi kuwa ubansa ya ji an ambata. Ya ce ai Saje ya yi wa Baba bayani a gabansa, Baba ya ce ya ji, ko ina nufin ubansa ya ruɗe ne? Washegari ya ɗaure akwatin allurarsa ya tafi. Kullum in ya kai gindin tsamiyar bakin gari yakan danna mini hon sau ɗaya, ni kaɗai na san nawa ne. Ranar na tsaya riƙe da tsintsiya har ƙarar babur ta ɓace, bai danna ba.

Mun shirya da ya dawo, ya kawo mini littafi kamar kullum, amma yana nan ƙarƙashin matashi ban buɗe ba. Duk waɗanda na karanta, matsalar masoya daga waje take zuwa, maƙiyi ne ko mahassadi, a ƙarshe gaskiya ta fito kowa ya ji kunya sai su. Ban taɓa karanta wanda kowa a cikinsa yake son kowa ba, kuma abin yana neman kashe mutum.

Yanzu ba ni da zama wuri ɗaya. In na ɗora tukunya sai na ji ƙauri nake tunawa. In na ji an buga ƙofar zaure gabana ya faɗi, in ce su ne, ga shi ba kome a gidan sai tsagaggiyar adaka. In kuma na tuna bindigar na nan tafe, gabana ya sake faɗuwa. Nakan zana abin a raina, su zo, Baba ya fito ya harba sau ɗaya su watse, gari ya taru ana yi masa barka, shi kuwa cikin murna ya dasa ta a ƙasa ya sunkuya. Sai in ga maigidana ya dawo daga ruga an tare shi a bakin gari. Sai in ga ranar da zai gane na sani, na gani da idona, na rufe baki saboda kunya. Wace soyayya ce za ta rayu bayan wannan? In kuma na faɗa, na san shi, ba zai bar uban nasa ya taɓa ta ba ko da wasa, kuma Baba ba yaro ba ne, zai tambayi dalili, gidan kuwa mu nawa ne da za a rasa wanda ya gani? Zai koma kan tabarmarsa ya juya wa bango fuska, ni ce sila, kuma a gida ɗaya za mu ci gaba da zama ina durƙusa masa da kwano.

Akwai lokacin da nake cewa a fasa bindigar gaba ɗaya, sai in tuna maƙwabcinmu da 'ya'yansa ke gaishe shi yana tambayar su wane ne su.

Jiya da safe na kai wa Baba kunu zaure. Na durƙusa na ajiye zan tashi, sai ya ɗaga murya wajen Inna da ke can tsakar gida, ni ina gabansa. Ya ce, “Ke! Hwaɗa ma yarinyar ga na ga ta rame. Ce mata ta bar tsoro. Wata na kamawa ƙarfe na isowa, ta yi kwananta da ɗiyarta, ni ka tsaron gidan ga.” Ni na ce, “Allah Ya ƙara girma,” na fito, na shiga bayan rumbu na toshe bakina da zane.

'Yan uwa, ga ni gabanku. In faɗa wa maigidana abin da na gani tiryan-tiryan, in ɗauki abin da zai biyo baya tsakanina da Baba? Ko in dage a kan famfo in bar su su ce littafi ya ɓata ni, in riƙe ta da hannuna ranar da ba ya nan? Ko akwai wanda uba ko kakansa maharbi ne a cikinku, da ya taɓa ganin an raba tsoho da irin wannan sabo ba tare da an karya shi ba? Musamman ina son jin ta bakin maza. In matarka ce ta ga haka ga mahaifinka, me za ka so ta yi, kuma in ta faɗa maka, za ka iya ci gaba da kallonta da idon da kake kallonta da shi? Kada ku ce mini in yi addu'a kawai, ina yi, ban fasa ba. Amma Baba yanzu kullum da magariba sai ya fita ƙofar gida ya ɗaga kai yana duban wata, yana jiran ya mutu sabo ya tsaya, ni ma ina tsakar gida ina duban wannan watan, ina roƙon ya daɗe.

Wassalam. 'Yar uwarku ta gidan ƙarshe.